Shekara Guda a Kan Kogunan Haƙa na Ƙasar Ingila

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tun muna makarantar sakandare nake haddace labarin bunƙasar masana'antun ƙasar Ingila domin cin jarrabawa, amma ban fahimci yadda abin ya faru ba sai da Allah ya nufe ni da zama shekara guda cur a cikin wani siririn jirgin ruwa, daga watan Afrilu na 2022 zuwa Afrilu na 2023. Dalili kuwa ba son yawo ba ne. Ina karatu a birnin Bamingham, kuɗin haya ya fi ƙarfina, sai aka haɗa ni da wani dattijon Bature mai jirgi, wanda ƙarfinsa ya soma ja da baya, yana neman wanda zai taya shi aiki, shi kuma ya ba shi makwanci. Da yake karatun nawa ya kai ga rubutu, babu sauran shiga aji, sai na amsa. Dattijon nan jinin masu jirgin dako ne, a cikin jirgi ma aka haifi mahaifiyarsa. Ina ce masa Baba, shi kuwa yaro yake ce mini har muka rabu.

A wannan ɗan bayani ina so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai wuraren da suka fi tsaya mini a rai cikin wannan shekara. Ba bisa jerin tafiyarmu zan jero su ba, bisa jerin tarihi zan bi, domin mai karatu ya ga yadda waɗannan hanyoyin ruwa suka tashi, suka faɗi, kana suka sake farfaɗowa.

Mene ne kogin haƙa?

Abin da Turawa suke kira kanal shi na kira kogin haƙa, watau hanyar ruwa wadda mutane suka haƙa da hannunsu domin jirage su bi. Dalilin haƙa ta mai sauƙi ne. Doki in an ɗora masa kaya a gadon baya, buhu biyu ya ishe shi. Amma dokin nan in aka ɗaura masa igiyar jirgi yana tafe a bakin ruwa, sai ya ja tan 25 ko 30 ba tare da ya galabaita ba. Saboda haka kowane kogin haƙa yana da turba a gefensa wadda doki yake bi.

To, amma ruwa ba ya hawa tudu. Maganin wannan shi ne abin da na raɗa wa suna zauren ruwa, domin kamar zaure yake, ƙofa gaba, ƙofa baya. In jirgi zai hau, sai ya shiga zauren a rufe ƙofar baya, a buɗe wasu ƙananan tagogi da hannun ƙarfe, ruwan sama ya kwararo ciki, jirgi ya yi ta ɗagawa har ya yi daidai da ruwan gaba, sa'an nan a tura ƙofar gaba ya wuce. In zai sauka sai a juya aikin. Yawancin zaurukan tsakiyar Ingila faɗinsu ƙafa 7 ne, tsawonsu wajen ƙafa 72, shi ya sa jiragen suka zama sirara kamar ƙoshiya. Namu faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne. Doka kuma ba ta yarda a wuce gudun mil 4 a awa ba, watau tafiyar mai ƙafa in ya ɗan ɗaga. Wanda duk ya hau irin wannan jirgi, dole ya yarda cewa sannu ba ta hana zuwa.

Worsley: inda abin ya soma

Cikin watan Satumba muka isa wani gari da ake kira Worsley, kusa da Manchesta. A nan ne wani basarake mai suna Francis Egerton, mai riƙe da sarautar Bridgewater, yake da ramukan kwal. Manchesta tana matuƙar bukatar kwal, amma kuɗin dako a bayan dawaki ya sa ya yi tsada. Sai basaraken, tare da wakilinsa John Gilbert da wani gwanin gyaran injin niƙa mai suna James Brindley, suka haƙa kogi daga bakin ramin har cikin gari. An buɗe shi a 1761, kuma ba a daɗe ba kuɗin kwal a Manchesta ya faɗi da wajen rabi. Ko da yake an riga an haƙa wani a Sankey tun 1757, wannan na Bridgewater shi ne ya buɗe wa masu kuɗi ido.

Shi Brindley bai yi ilmin makaranta mai zurfi ba. An ce in lissafi ya cije masa, sai ya shige ɗaki ya kwanta kwana ɗaya ko biyu, ba ya tashi sai ya warware shi a ka. Dabararsa ta hana ruwa tsiyayewa kuwa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin magina suna kwaɓa ƙasa: yumɓu ake jiƙawa a tattake shi da ƙafa, wani lokaci har a koro shanu su bi ta kai, sa'an nan a shafe cikin kogin da shi. Yumɓun nan shi yake riƙe da ruwan har yanzu a wurare da yawa. Na tsaya a bakin dutsen da jirage suke shiga ramin kwal a dā, aka gaya mini hanyoyin ruwan da suke ƙarƙashin ƙasa a wurin sun kai mil 46. Ban ce komai ba, sai dai na riƙe baki.

Kogon Harecastle

Da masu sana'a suka ga abin da ya faru a Manchesta, kowa ya ce shi ma sai an kawo masa ruwa ƙofar gida. Cikinsu har da Josiah Wedgwood, shahararren maginin tukwane da tangaran, wanda kayansa suke farfashewa a kan munanan hanyoyi. Shi ne ya sari ƙasar farko a 1766 ta kogin da ya haɗa kogin Trent da na Mersey, mai tsawon mil 93. Babban abin da ya tare musu gaba shi ne tudun Harecastle. Brindley ya ce a huda shi. Aka shekara 11 ana haƙa kogo mai tsawon yadi 2,880, ba a gama ba sai a 1777, bayan shi Brindley ya rasu tun 1772.

Kogon nan ba shi da turbar doki. Saboda haka in jirgi ya zo, sai a kwance doki, yara su bi da shi ta kan tudu, maza kuma su kwanta rigingine a kan jirgi, su riƙa taka bango da rufin kogon da ƙafafunsu suna tura tan 25 cikin duhu har wajen awa uku. Da cinkoso ya yi yawa, sai aka kira Thomas Telford ya haƙa na biyu a gefensa, aka buɗe a 1827, bayan aikin shekara 3 kacal. Ta wannan na biyu muka bi a farkon Nuwamba. Ruwan wurin ja ne kamar an jiƙa jar ƙasa, saboda tamar da take cikin tudun. Da muka yi nisa, rufin ya yi ta sunkuyowa har sai da na durƙusa, ruwa mai sanyi yana ɗigo mini a ƙeya, ba na ganin komai sai abin da fitilar jirgi ta haska. Minti 40 muka yi da inji, amma na ji kamar wuni.

Da muka fito na ce wa Baba, shin su wane ne suka haƙa wannan rami? Ya ce, "Yaro, ka ga sunan Brindley a jikin titi da makaranta. Masu diga da shebur kuwa, je ka nemo mini sunan goma daga cikinsu." Wannan magana ta zauna mini, zan kuma komo kanta.

Kadarkon sama na ƙasar Wales

A shekarun 1790 wani irin zazzaɓin haƙa koguna ya kama Ingila. Mutane suka yi ta rububin sayen hannun jari, waɗansu suka yi arziki, waɗansu da yawa suka yi asara, domin an haƙa kogunan da ba su taɓa mayar da kuɗinsu ba. A wannan zamani aka soma aikin da ya fi kowane ba ni tsoro, watau kadarkon Pontcysyllte a arewacin Wales, wanda Telford da William Jessop suka gina daga 1795 zuwa 1805. Kwami ne na ƙarfe cike da ruwa, an ɗora shi a kan ginshiƙai 18 na dutse, tsawonsa ƙafa 1,007, tsayinsa daga kogin Dee da yake ƙasa ƙafa 126.

A gefe ɗaya akwai turba da shingen ƙarfe. A ɗaya gefen kuwa, babu abin da ya raba jirgi da sararin Allah sai bakin kwamin, wanda bai fi 'yan inci ba a bisa ruwa. Ranar da muka haye, cikin watan Yuni, Baba ya ce ni zan riƙe sandar tuƙi. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na hangi tsuntsaye suna shawagi a ƙarƙashina, daga nan ban sake leƙawa ba, sai addu'a har muka kai. A 1944 an yi dokar rufe wannan hanya, abin da ya cece ta shi ne ana bi da ruwan sha ta cikinta zuwa lardin Cheshire. A 2009 hukumar UNESCO ta sa kadarkon cikin wuraren tarihi na duniya.

Ina kuɗin ya fito?

Ɗalibin tarihi bai kamata ya tsaya ga sha'awar gini ba, sai ya tambayi inda aka samo abin ginin. A Smethwick, kusa da Bamingham, mun bi ta ƙarƙashin wata kyakkyawar gadar ƙarfe da Telford ya gina a 1829, wadda aka sa wa sunan gidan Galton, masu jari a kamfanin kogin. Arzikin gidan nan daga ƙera bindigogi ya taso, kuma da yawa daga bindigogin an kai su gaɓar Afirka ta Yamma an yi musayarsu da bayi. Audugar da jirage suke kai wa masaƙun Manchesta kuwa, har zuwa shekarun 1860 yawancinta bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka. Adalci ne kuma a faɗa cewa shi Wedgwood yana cikin masu yaƙi da cinikin bayi, har ya ƙera wata lamba ta musamman a 1787 domin wannan gwagwarmaya. Watau ruwa ɗaya ya ɗauki kayan mai sayar da bindiga da na mai neman a 'yanta bawa.

Zancen auduga ya taɓo mu kai tsaye. A Barton mun haye wani kadarkon ruwa mai juyawa, wanda akan rufe shi da ruwansa tan 800 a karkata shi gefe domin manyan jirage su wuce ta ƙasa. Abin da yake ƙasan shi ne babban kogin haƙa na Manchesta, mai mil 36, da aka buɗe a 1894 domin jiragen teku su shigo har cikin gari. Shekara 8 bayan haka, a 1902, masu masaƙun wannan yanki suka kafa ƙungiyar noman auduga wadda mutanenmu suka sani da Bi-Si-Ji-E, wadda ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Fatan samun audugar ƙasar Hausa yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har Kano, inda ta iso a 1911. Sai dai manoman Kano sun yi nasu lissafin, suka ga gyada ta fi riba, suka rungume ta. Ina tsaye a kan kadarkon nan na gane cewa igiyar da ta soma daga ramin kwal na Worsley, ɗaya bakinta yana gonakin kakanninmu.

Jirgin ƙasa da ƙanƙara

Kowa ya ci zamaninsa, sai ya bar wa wani. A 1830 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Libaful da Manchesta, daga nan kogunan haƙa suka soma ganin tasku. Kamfanonin jirgin ƙasa suka saye da yawa daga cikinsu, suka bar su suna lalacewa. Kuɗin dako ya faɗi, har mai jirgi ya kāsa biyan hayar gida a tudu, sai ya kwaso matarsa da 'ya'yansa suka tare a ɗan ɗakin da yake bayan jirgi, wanda tsawonsa bai fi ƙafa 10 ba. A nan ake girki, a nan ake kwana, a nan ake haihuwa. Yara suka zama ma'aikata, ba su san ƙofar makaranta ba. Wani mutum mai suna George Smith, na garin Coalville, ya yi ta fafutika har majalisa ta yi dokoki a 1877 da 1884 domin a riƙa duba jiragen a kuma sa yaran makaranta, amma yaron da yau yana nan gobe yana can, yaya za a yi ya zauna a aji? Baba ya ce mini mahaifiyarsa har ta rasu ba ta iya karanta wasiƙa ba, amma ta san kowane zaure da kowace gada daga Landan zuwa Bamingham kamar tafin hannunta.

A 1948 gwamnati ta karɓi yawancin kogunan. Abin da ya ƙarasa dakon kaya kuwa shi ne sanyin 1962 zuwa 1963, sa'ad da ruwa ya daskare tun daga ƙarshen Disamba har farkon Maris. Jirage suka maƙale, masu kaya suka koma wa manyan motoci, da yawansu ba su dawo ba. Mun ɗanɗani kaɗan daga wannan a Disamban 2022, da ƙanƙara ta kama mu fiye da mako guda kudu da garin Stoke. Famfon bakin ruwa ya daskare, muka koma tsimin ruwan sha da na alwala, muna zaune a gindin murhun kwal. A nan Baba ya ba ni labarin kawunsa, wanda sanyin 1963 ya raba shi da sana'ar gado, ya koma aikin masana'anta, bai sake sakewa ba har ya mutu.

Tardebigge: kuskurena da farfaɗowar koguna

Yanzu bari in koma farkon tafiyarmu. A Tardebigge, kan hanyar Bamingham zuwa Worcester, akwai zauruka 30 a jere cikin mil 2 da 'yan kai, masu saukar da jirgi ƙafa 220. Kwanana uku kacal a jirgi muka iso su, ga azumi a bakina. Kowane zaure yana da dokin ƙofa na dutse a ƙarƙashin ƙofar sama, wanda ba a ganinsa sai ruwa ya janye. Baba ya gargaɗe ni in riƙa matsar da jirgi gaba in muna sauka. A wani zaure gajiya ta sa na shagala, jirgi ya ja baya, gindinsa ya hau dokin ƙofa, ruwa yana janyewa, goshinsa ya soma nutsewa. Na ji kwanuka suna zubowa a ciki. Sai na ji tsawar Baba daga sama, ya ruga da gudun da ban san yana da shi ba, ya saki tagogin ƙasa suka rufe, kana ya sako ruwa kaɗan kaɗan har jirgi ya daidaita. Da an ƙara rabin minti, da gidansa da takardun karatuna duk sun tafi. Bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaro, ruwan nan ba shi da zurfi, amma ya ci waɗanda suka fi ka wayo."

A saman waɗannan zauruka akwai wata alama ta tunawa. A nan ne a 1945 wani marubuci mai suna Tom Rolt, wanda littafinsa a kan zaman jirgi ya fito a 1944, ya sadu da Robert Aickman a cikin jirginsa, suka ƙulla shawarar kafa ƙungiyar ceton koguna, wadda aka kafa a 1946. A lokacin ana ganinsu kamar masu neman tayar da matacce. Amma suka dage. 'Yan sa-kai suka riƙa shiga taɓo ranakun hutu suna kwashe shara, suna gyara ƙofofi. A 1964 aka sake buɗe kogin Stratford da taimakon 'yan sa-kai da sojoji da fursunoni. A 1990 aka buɗe na Kennet da Avon, a 2001 kuma kogon Standedge, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar, bayan ya shekara fiye da 50 a rufe. A 2012 aka miƙa wajen mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales ga wata gidauniya mai suna Canal & River Trust.

Kada mai karatu ya zaci an gama. A bazarar 2022 fari ya sa aka rufe zaurukan waɗansu kogunan arewa, abin da ya hana mu ƙetare tuddan Pennine. A 2023 gwamnati ta ba da sanarwar za ta rage tallafin da take bai wa gidauniyar daga 2027. Ranar 1 ga Janairu, 2025 kuma, gaɓar kogin Bridgewater ta ɓalle kusa da Dunham Massey bayan ruwan sama mai yawa, daidai wurin da muka bi lami lafiya. Aikin da aka yi da yumɓu shekara 250 da suka wuce, ranar da aka daina kula da shi, ranar ya soma mutuwa.

Kammalawa

Mun komo Bamingham a watan Afrilu na 2023, na yi sallama da Baba, kowa ya kama gabansa. Abin da na fito da shi daga wannan shekara abu biyu ne. Na farko, abin tarihi ba ya tsare kansa, kuma ba lalle sai hukuma ta motsa ba, mutane ƙalilan masu naci sun isa su soma. Na biyu shi ne tambayar da Baba ya yi mini a bakin kogon Harecastle. Turawa sun ceci gadojinsu da zaurukansu, amma sun makara wajen ceton muryoyin waɗanda suka haƙa su, domin kafin a tuna da su ƙasa ta rufe musu ido.

Mu kuwa ba mu gama makara ba. A ɗaya bakin igiyar nan da na ambata, akwai 'yan dakon da suka jera buhunan dalar gyada a Kano, da leburorin reluwe, da ma'aikatan injinan auduga na Funtuwa da Zariya. Kaɗan daga cikinsu suna nan da rai, sun tsufa, suna zaune a zauruka ba mai tambayarsu. Ina roƙon 'yan wannan ƙungiya tamu, duk wanda ya je hutu gida, ya nemi ɗaya daga cikinsu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi nawa ake biyansu, me suke ci, wace waƙa suke yi in kaya ya yi nauyi, sa'an nan ya rubuta da sunan mai maganar, da Hausar da ya faɗa. Kowace damina tana tafiya da waɗansu daga cikinsu. Allah ya ba mu ikon yi tun da sauran lokaci, amin.